Kawu da Jarfar Jikansa

Kawu ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na hawa na huɗu a unguwar Morrisania ta Amurka, yana kwance a gefen dama kamar mai hutawa. Allah da ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma muna nan tafe. Kafin azahar takalma sun cika gaban ƙofa har sun gangara matakala. Mai kula da ginin, wani ɗan Dominika da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, ya hau da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce shi dai bai taɓa ganin tsohon da ke gaishe shi da hannu biyu ba sai wannan.

Wani Ba'adare mai tebur a Fordham Road ya naɗe huluna da tabaraunsa da rana tsaka ya taho. Ya zauna a kan darduma, can sai ya ce, "To yanzu wa zai zage ni a kan takalmi?" Aka yi dariya, wasu suna share ido. Kowa ya san Kawu ba ya fara kallon fuskar mutum. Ƙafarka yake dubawa tukuna, in ya ga takalmin ya matse ka ko dunduniyarsa ta karkace, ka shiga uku.

Wata Hajiya 'yar Kumasi ta tsallako ruwa daga Park Hill da tukunyar wake da shinkafa a rungume. Tun daga matakala ake jin muryarta. "Baba ya tafi? Kai, mutum mai kirki paa! Ni ya ce min in bar sa takalmin coge, gwiwana ya warke. Ku matsa min in zauna."

Ana cikin haka jikansa ya shigo. Zafin watan Agusta ne, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gunaguni ba ta iya komai, amma shi yana sanye da riga mai dogon hannu, maɓallinta a ɗaure har wuyan hannu. Ya yi sallama, ya zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. Mahaifinsa, babban ɗan Kawu, bai ɗaga kai ba.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, saboda haka babban ɗan nasa taubashina ne, tare muka tashi a Damagaram. Ni ne kuma nake wankan gawa a masallacinmu tun da mai yi ya koma gida. Da na fito zan sa takalmi, jikan ya biyo ni baranda. Mutum ne da ya kusa talatin, dogo, yana aikin tura marasa lafiya a wani asibiti, amma ranar ya tsaya a gabana kamar bai san inda zai ajiye hannuwansa ba.

Ya ce, "Uncle, gobe ina so in shiga. Ina so in wanke shi."

Ban kai ga amsawa ba sai ga taubashina a bayanmu. Bai kalli ɗansa ba, ni ya kalla.

"Da wannan hannun? Ba zai taɓa ubana ba."

Ya juya ya koma ciki.

Saboda abin da ya biyo bayan wannan magana na zauna rubutun nan. Da ajami na rubuta shi, yadda aka koya min, 'yata ta mayar da shi boko don yaranmu na nan su iya karantawa. Ba na so Kawu ya zama suna kawai da ake ambata ranar sadaka.

Kawu ya zo Amurka yana tsoho, ɗansa ne ya ɗauko shi bayan rasuwar matarsa. Bai yi ƙorafin sanyi ba, bai yi ƙorafin abinci ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kaɗai ya ƙi. Sau ɗaya aka saka shi, ya fito ya ce shi ba zai sake shiga abin da mutum ba ya sanin gabas a cikinsa ba. Daga nan ƙafa. Da sandarsa da jallabiya da wata ƙatuwar rigar sanyi da ta kai masa gwiwa, yakan taka daga Morrisania har shagon ɗansa da ke bayan Fordham Road, ya zauna a kan buhun gari yana jan carbi, in la'asar ta yi ya tako ya dawo. In ka tsaya masa da mota sai ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya yi albarka. Je ka, kada ka makara, ni na kusa." Alhali da saura.

In baƙo ya zo gaishe shi, tambayarsa ta farko ita ce, "Da ƙafa ka zo?" In ka ce da mota, sai ya ce, "To, an kawo ka ke nan."

Dukanmu mun san yana saurayi ya je Makka da ƙafa, shi da wansa, wan ya rasu a hanya. Iyakar abin da aka sani ke nan, kuma labarin ya tsufa a kunnen mutane. In an kawo yara gaisuwa akan ce, "Ga Alhajin da ya je Makka a ƙasa," yaran su ce "wow," su koma kan wayoyinsu. Shi ma ba ya ƙarawa. Waɗanda suka yi tafiyar tare da shi duk sun riga shi, kuma ba mutum ne mai tallan kansa ba.

Tsakaninsa da babban ɗansa akwai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, ko da furfura ta cika wa yaron gemu. Ba sa cin abinci tare, ba sa doguwar hira. Taubashina yakan tsaya a bakin ƙofar ɗaki da safe ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Kawu ya ce, "Lafiya lau, Allah ya ba da kasuwa." Shi ke nan. Amma duk abin da Kawu ya ci, ya sa, ya sha na magani, daga hannun wannan ɗan ya fito, kuma na sha ganin Kawu ya tsaya a taga yana bin sa da kallo har ya sha kwana.

Da jikan kuwa sai wasa. "Aboki" yake kiransa, shi kuma ya ce masa "Tsoho." Kawu na yi masa Hausa, yana mayar masa da rabi Hausa rabi Turanci, kuma ban taɓa ganin sun nemi tafinta ba.

Wata shekara, gab da ƙarewar sanyi, jikan ya zo gida da wata ƙatuwar jakar goyo, ya ce ya ajiye aiki na 'yan watanni. Akwai wata hanyar daji da ta bi kan duwatsu tun daga jihar Georgia har jihar Maine, mutane kan taka ta daga farko zuwa ƙarshe, shi ma ita zai bi. Ina gidan ranar.

Mahaifinsa ya ce, "Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Me ake sayarwa a can?"

"Ba komai. Just walking, tafiya kawai."

"Jos wokin!" Taubashina ya juyo gare ni. "Ka ji ko? Ni na tsallako teku don ɗana ya hau mota, shi ya sayi jaka zai shiga daji ya kwana da namun dawa. Jos wokin."

Kawu yana gefe yana ji. Can sai ya ce, "Aboki, kawo ƙafarka."

Jikan ya cire safa ya ɗora masa ƙafar a cinya. Kawu ya matsa tafin, ya buɗe tsakanin yatsu, ya murza dunduniya kamar mai sayen jaki.

"Wannan ƙafar 'yar kafet ce. Ranar farko za ta yi kuka."

"Tsoho, taka fa? Kamar bawon kuka."

"Ita ta kai ni inda taka ba ta je ba. Zauna in gaya maka."

Tun daga ranar har ya tafi, Kawu ya mayar da shi ɗalibi. Duk inda ka zauna hutawa ka cire takalmi, ƙafa ta sha iska. Ka shafa man kaɗe da dare, ba da safe ba. Kada ka zauna a gindin hawa, ka hau tukuna. In ka haɗu da mutum ka riga shi gaisuwa, ko da ba ka son fuskarsa, don ba ka san wa zai ɗauke ka gobe ba. Ya sake koya masa taimama da sallar ƙasaru. Ya sa surukarsa, uwar yaron, ta daka dakuwa mai yawa, ya sa aka nemo kilishi a wurin wani ɗan Maraɗi. Na ƙarshe da ya gaya masa a bakin ƙofa shi ne, "Kada ka tambayi kowa saura nawa."

Watannin da jikan ya yi a hanya, ban taɓa ganin Kawu haka ba. Duk lokacin da yaron ya sauko wani gari ya sami waya, sai ya kira. Uwar tana tambayar ko yana cin abinci, Kawu na miƙa hannu yana cewa a ba shi.

"Aboki, ƙasar wurin ja ce ko baƙa? Ruwan rafi kuke sha ko na rijiya? Da wa ka kwana jiya? Mai minshari ne?"

In an kashe wayar sai ya zauna yana murmushi shi kaɗai, wani lokaci ya ambaci sunan wani gari da ba mu taɓa ji ba, Abashe, ko Janaina, ya ce, "Can ma haka duwatsun suke." Ya ce min wata rana, "Ka san abin da nake kewa? Gajiyar yamma. Irin wadda in ka kwanta ƙasa ma sai ta yi maka laushi. Tun da na tsufa gajiya nake yi, amma ba irin wannan ba."

Jikan ya dawo lokacin da ganye ya yi ja. Ya rame, ya yi baƙi, gemu ya rufe masa fuska. Kawu ya sa shi ya cire takalmi tun a bakin ƙofa, ya duba, ya ce, "Yauwa. Yanzu ka yi ƙafa." Har mahaifinsa sai da ya yi dariya ranar.

Bayan 'yan makonni abin ya faru. Ranar Juma'a ce, a wurin alwala da ke ƙasan masallaci, inda ake cunkuso a gaban famfo. Jikan ya naɗe hannun riga. Daga wuyan hannunsa na dama har gwiwar hannu akwai wani siririn layi baƙi, yana lanƙwasa kamar jijiya, a ƙarshensa ɗan ƙaramin dutse. Taswirar hanyar ce. Ashe haka matafiya irinsu suke yi in sun gama, su je a zana musu ita da allura da tawada, yadda ba ta fita. Dattijon da ke kusa da shi ya ce, "Subhanallahi, jarfa!" Kafin yaron ya hau sama labarin ya riga shi, ya sami mahaifinsa a sahun gaba.

An kai maganar wurin liman. Liman ya faɗi abin da yake cikin littafi: bai halatta ba, sai ya tuba, amma alwalarsa da sallarsa suna nan, kuma ba dole ba ne ya cutar da kansa wurin cirewa. Taubashina bai gamsu ba. Ya ce akwai masu ƙone irin wannan da na'ura, a je a ƙone.

Yaron ya ce, "Baba, na tuba. Ba zan ƙara ba. Amma ba zan goge ba."

"Wace irin tuba ce wannan, kana rungume da abin?"

"Ban san yadda zan gaya maka ba."

"Kada ka gaya min. Mutane suna nuna ni a Fordham, wai ɗan Alhaji ya shiga 'yan gang."

Yaron ya kwashe kayansa ya kama ɗaki a wani wuri. Daga ranar duk inda zai shiga cikinmu da dogon hannu yake zuwa, rani da damina.

Mun ɗauka Kawu zai shiga tsakani. Sai ga shi ya fi kowa fushi, fushin da ban san yana da shi ba. Ya buga sandarsa a ƙasa har na ƙasa da su suka buga rufi. "Fatar taka ce? Aro aka ba ka! Wa ya ce ka yi rubutu a kan kayan aro?" Duk sanyin shekarar, in jikan ya zo gaishe shi, yana amsa sallama don wajibi ce, amma ba ya ƙara ko wasali. Sai ya juya fuska bango. Yaron ya zauna, ya gaji, ya tashi, mako mai zuwa ya dawo.

Idon Kawu ya yi rauni a lokacin, nakan je ranar Lahadi bayan la'asar in karanta masa abin da ya sawwaƙa. Wata Lahadi jikan ya kawo magani, ya ajiye, ya juya zai fita. Kawu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Namiji mai jarfa. Zancen wa za ka da wannan kwalliyar?"

Yaron ya tsaya cak. "Matarka zan ƙwace, Tsoho."

"Ka makara, ta tafi. Zo nan. Naɗe."

Ya naɗe. Kawu ya kamo hannun ya kawo shi dab da idonsa, ya ɗora yatsa a wuyan hannu, inda layin ya fara.

"Nan ne farko?"

"Nan ne."

Yatsan ya matsa sama kaɗan. "Nan da ya lanƙwashe fa?"

"Nan ruwan sama ya kama mu, ya ƙi tsayawa. Socks ɗina suka ruɓe."

"Na ce ka riƙa cirewa. Nan fa?"

"Nan wata tsohuwa ta ba ni abinci a bayan motarta. Ba ta san ni ba."

"Ana samunsu. Allah ya saka mata. Nan?"

Yaron ya ce, "Nan na zauna na yi kuka. Na ce gida zan koma."

"Ai dole. Tsakiya ce."

Haka suka bi layin har gwiwar hannu, ni ina zaune da littafi a buɗe. Da suka kai kan ɗan dutsen, Kawu bai saki hannun ba. Ya ce, "Me ya sa ka yi?"

"Tsoho, da na dawo na shiga subway, jirgin ƙarƙashin ƙasan nan, kowa yana kallon wayarsa. Na koma aiki, aka ce welcome back, ga keken marasa lafiya, tura. Bayan kwana kaɗan ni kaina na fara jin kamar mafarki na yi. Na ji tsoro. I thought I would lose it, na ga kamar tafiyar za ta ɓace min."

Kawu ya kalli taga. Sannan ya ce, "Kana istigfari?"

"Ina yi."

"Ci gaba da yi. Sauke hannun rigar, yaron nan ya kusa dawowa daga shago."

Bai taɓa cewa abin daidai ne ba, har ya koma ga Allah. Bai kuma sake juya masa baya ba.

Shekarar ƙarshe Kawu ya faɗi a banɗaki, ƙugu ya karye, bai sake takawa ba. Mutumin da ya ƙi mota ya koma kallon rufi. Jikan ya nemi a mayar da shi aikin yamma. Da safe, in mahaifinsa ya tafi shago, sai ya zo ya wanke kakansa, ya yi masa alwala, ya juya shi, ya shafa masa man kaɗe a ƙafafu, su yi ta hira, kafin la'asar ya tafi. Taubashina yana dawowa ya tarar da ɗakin yana ƙanshin man kaɗe. Ya sani. Bai tambaya ba, ba a gaya masa ba.

Shi ya sa ranar Talatar nan, bayan magariba, na ja shi gefe. Taubashi ne, ina da bakin faɗa masa abin da wani ba zai iya ba.

Na ce, "Kai ka fi liman karatu ne? Babu littafin da ya hana shi."

Ya ce, "Ba fatawa na tambaye ka ba, ɗan mace. Ubana ne. Sau ɗaya za a yi masa wankan nan. Ina so ya tafi da tsabta, kada wani ya buɗe baki a kansa."

"Hannun nan fa shekara guda yana wanke shi."

Ya kau da kai. "Wannan daban."

Haƙƙinsa ne, shi ne waliyyi. Ban da ikon tsallake shi.

Laraba da safe muka haɗu a gidan da ake shirya gawa, inda Musulmin unguwarmu suke da ɗakin wanka. Tebur ne na ƙarfe, da tiyon ruwa, da safar hannu ta roba. Na zo da garin magarya da kafur. Mu uku muka shiga: ni, da taubashina, da Ba'adaren nan mai tebur, don ya taimaka wurin juyawa. Jikan ya zo duk da haka. Ya zauna a kan benci a waje, likkafanin da uwarsa ta ba shi yana naɗe a cinyarsa.

Mai wankan gawa amana yake ɗauka, abin da ya gani na aibi ya binne shi tare da mai shi. Abin da zan faɗa yanzu sai da na nemi izinin ɗansa, ya ce in rubuta.

Muka rufe Kawu daga cibiya zuwa gwiwa, na yi niyya. Da na zo kan ƙafafu na yaye mayafin daga ƙasa, sai taubashina ya ja numfashi. A ƙauri da sharaɓa, dama da hagu, akwai tabo-tabo masu zagaye, kowanne kamar tafin babban yatsa, sun tsufa har suna sheƙi. Ni kaina ban taɓa gani ba, don Kawu ba ya ɗage wando fiye da idon sawu.

"Mene ne wannan? A asibiti aka yi masa?"

Na ce, "A'a. Lalas ne, na wanzamai, da ƙarfe mai zafi. Ya fi ka shekaru."

"Na me? A ina?"

"Ban sani ba."

"Kai da kake zama da shi kowace Lahadi?"

"Karatu nake yi masa. Mai shafa masa mai yana waje."

Ruwa yana ta zuba a tiyo. Taubashina ya tsaya yana kallon ƙafafun mahaifinsa, ƙafafun da bai taɓa gani ba sai yau da ba za su sake motsi ba. Ba'adaren ya sunkuyar da kai. Can taubashina ya taka ya buɗe ƙofa. Jikan ma ɗan farinsa ne, ba ya kiran sunansa.

"Kai. Zo ka gaya min wannan."

Jikan ya shigo, ya ajiye likkafanin a kan kujera. Ba a son yawan magana a wurin wanka, amma ban hana ba. Ya tsaya a wajen ƙafafun, yana nuni ba tare da ya taɓa ba, da Hausarsa mai tuntuɓe.

"Wannan biyun Abashe ne, ƙafar ta kumbura. Wannan kurkunu ne, a Janaina, ya kwanta har ayarinsu ya wuce, suka jira wani. Waɗannan na gonar auduga ne, inda ya tsaya aiki kafin ya kai bakin teku."

"Wannan fa?" Taubashina ya nuna wani guda ɗaya, shi kaɗai, a ƙafar hagu, ƙasan gwiwa.

Yaron ya ce, "Wannan ba na ciwo ba ne."

"To na me?"

"Na wansa ne. Wanda aka sa maka sunansa, Baba. Zazzaɓi ya kama shi bayan Janaina. Ya ce sun binne shi a gindin wata aduwa, ayari bai jira ba. Da suka yi nisa ya waiga, sai ya ga aduwoyin duk iri ɗaya ne. He couldn't tell which one. Garin da suka fara isa, ya je wurin wanzami ya ce nan yana masa ciwo. Ƙafar lafiyarta lau. Ya ce tun ranar yake neman gafara a kanta. Kuma kowace safiya sai ya taɓa wurin ya yi wa wansa addu'a. Da ya kasa kai hannu, ni nake ɗora masa."

"Me ya sa bai taɓa gaya min ba?"

"Ya ce kai ba a yi maka irin wannan hirar. Yana jin kunyarka."

Taubashina ya dafa bakin teburin da hannu biyu. Kafaɗunsa suna girgiza, amma babu sauti. Ba'adaren ya ce a hankali, "Alhaji, mutane suna jira a masallaci."

Taubashina ya miƙe tsaye, ya goge fuska da bayan hannu, ya karɓi tiyon daga wurina.

"Ni zan zuba. Kai ka wanke."

Yaron ya kalle ni, na miƙa masa safar roba. Ya fara sawa a kan hannun rigar, yadda yake a ɗaure.

Mahaifinsa ya ce, "Naɗe. Za ta jiƙe."

Ya naɗe har gwiwar hannu. Na nuna masa ya fara da dama. Uba yana zuba ruwa, ɗa yana wankewa, ruwan yana bi ta kan layin nan baƙi yana sauka kan Kawu. Da suka zo ƙafar hagu, taubashina ya rage ƙarfin ruwan, ya miƙa ɗayan hannunsa ya ɗora yatsu biyu a kan tabon, leɓɓansa suna motsi. Muka jira shi har ya gama.

An yi masa salla bayan azahar, aka kai shi maƙabartar Musulmi a New Jersey, nesa ƙwarai da Damagaram, nesa da waccan aduwar. Uban da ɗan suka shiga kabari tare suka karɓe shi.

Ba zan ce komai ya warware ba. Jikan yana ɗakinsa na haya har yanzu. Taubashina bai ce ya yafe ba, bai kuma tambaye shi tasa hanyar ba, ko ina ta fara, ko a ina ya yi kuka. Na ga dai in suna zaune idonsa yana zuwa kan hannun, yana dawowa. Wanda ya iya wannan tambayar ya tafi, kuma ranar Lahadi bayan la'asar har yanzu ƙafata tana ɗaukar hanyar Morrisania kafin in tuna.

Allah ka gafarta wa Kawu abin da muka sani da wanda ya ɓoye. Ka hutar da ƙafafunsa. Ka haɗa shi da wansa, Kai da ba ka manta ko wace aduwa ce ba.